Tsohon da Ya Koya wa Babur Ƙetare Ruwa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ta surukina ta zo ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke Wurno, bayan jinyar kwana tara. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Ba zan kama sunansa a nan ba. Shekara goma sha shida ina auren 'yarsa ban taɓa kamawa ba, ba kuwa zan fara yau don ƙasa ta rufe masa ido ba. Baba nake ce masa, haka ma rabin garin.

An yi jama'a. Tabarmin gida ba su isa ba sai da aka aro na masallaci. 'Yan kabu-kabu suka jera baburansu tun daga bakin lungu har gindin dogonyaro. Manoman albasa sun zo daga Dinawa, masunta daga wajen Goronyo, wani tsoho kuma ya tako a ƙasa tun daga Sisawa saboda bai sami abin hawa ba. Sista, ma'aikaciyar asibitin nan 'yar Filato da ta daɗe a wajenmu, ta yafa gyale ta shiga wurin mata. Kukanta muna jin sa daga waje.

Kowa ya zauna sai ya yi addu'a, sannan ya ɗora da magana ɗaya.

"Allah shi jiƙan maza. Da can ai babu kama tai. Tsuhwa dai ba ta da magani."

Wani ya ce, "Hannu ya riga shi tahiya. Shekara ukku sai faci."

Ina zaune ina amsa amin. A ƙarshen tabarma kuma ga autansa, ƙanin matata, wanda ya iso daga Sakkwato ana daidaita sahu. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, amma har yau Auta muke ce masa. Ya zauna idonsa a bushe, yana amsa gaisuwa a taƙaice.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Garin nan ya binne Baba yana zaton hannunsa ya mutu shekara uku kafin shi. Ɗansa ya binne shi yana zaton ya raina shi. Duka biyun ba haka ba ne, ni kaɗai kuma na sani, ga saƙo a bakina da aka ce in ba Auta ranar sadakar uku. Takardar nan ba ta kasuwa ba ce. Jikokinsa nake rubuta wa, za ta zauna a akwatin uwarsu har Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Baba makaniken babur ne. Rumfarsa ta kara ce da tsohon kwano, a bakin hanyar da ke gangarawa fadama. Ba allo, ba suna. A kan kifaffen turmi yake zama, kuma ba ya taɓa babur sai ya saurare shi. Ka zo da dogon bayaninka, zai ɗaga maka hannu ya ce, "Tashe shi in jiya." Sai ya rufe ido ya karkata kai. Wani lokaci kafin ka kashe ya riga ya faɗa maka hanyar da ka fi bi da irin kayan da kake ɗora masa.

Sauran makanikai suna fara bincike daga mai, shi daga iska yake farawa. Yakan ce, "Mai abinci na, iska rai ta. Mutum shina kwana ukku bai ci ba, amma toshe mai hanci ka gani." Zai kwance fulogi ya nuna maka bakinsa. In ya yi baƙi ƙirin, to mai ya fi iska yawa, ka cika injin da ci ba ya samun numfashi. In ya yi fari fat, iska ta yi yawa, injin zai yi zafi ya buga. Abin da yake nema shi ne kalar soyayyiyar gyaɗa. Har ya mutu, in aka kawo masa gyaɗar da ta ƙone, sai ya ce mai soyawar ta cika mata mai.

Da samarin kabu-kabu kullum cikin faɗa yake. Su abin da suke so shi ne ƙara. Sai su cire soson da ke tace iska, wasu ma su fasa akwatin gaba ɗaya, babur ya riƙa kururuwa a titi suna ganin gudu ya ƙaru. Baba ba ya musu da su. Zai shafa ɗan giris a bakin kafireta ya ce wa mai babur ya je ya zagayo ta masussuka ya dawo. In ya dawo sai ya lakato giris ɗin da yatsa, ya murza masa a tafin hannu, mutum ya ji yashi da ƙaiƙayi suna ƙaras-ƙaras.

"Wanga duk cikin fistin za shi," in ji shi. "Ƙara ba gudu ba ta."

Wanda ya yi haƙuri kuwa, Baba zai ba shi ƙarfin da yake nema ta hanyar da ta dace. Yakan ɗan faɗaɗa bakin akwatin iskar ta gefen da taya ba ta watso ƙasa, ya yanka soso biyu, mai kauri da marar kauri, ya jiƙa su da baƙin mai ya matse. Daga nan ya buɗe wani gwangwanin madara da yake tara jet, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙaramin rami da mai ke bi ya shiga inji. Ba ya karanta lambar jikinsu. Ɗaga su yake yi sama ya leƙa rana ta cikin ramin, ya zaɓi wanda ya yi daidai da sabuwar iskar. In ya gama, ƙaramin babur ɗin da jiya yake kuka da buhu biyu na albasa sai ka ga ya hau gangaren fadama da uku, muryarsa ƙasa-ƙasa. Soson kuwa daga katifar gida yake yanko shi. Inna, surukata, ta sha kai ƙararsa wurin matata cewa katifarta kullum gajarta take yi, saura kaɗan ƙafafunta su koma ƙasa.

Amma abin da ya kai sunansa har Rabah da Goronyo shi ne hanci, kuma Sista ce sanadi.

Akwai ƙauyuka a ƙetaren fadamarmu waɗanda in damina ta kankama ruwa yake kewaye su, wata huɗu cur. Mashigin yakan kai cinya, wani lokaci ƙugu. Kwalekwale ɗaya ne, shi ma sai mai shi ya dawo daga su. Can aka tura Sista aiki, ita ce kuma mace ta farko da na ga tana tuƙa babur a wajenmu. Wata rana ta gaji da jiran kwalekwale, ga akwatin allurar yara a bayanta ƙanƙararsa tana narkewa, sai ta yi shahada ta shiga. A tsakiya babur ya sha ruwa ya mutu. Ta turo shi har rumfar Baba, jiƙe sharkaf, tana kuka don takaicin allurar da ta lalace.

Baba ya riƙe babur ɗin kwana huɗu. Ya je gonarsa ya yanko tiyon injin ban ruwansa, nasa na kansa, ya haɗa shi da bakin akwatin iska, ya bi da shi ta ƙarƙashin tanki har kusa da fitila, ya lanƙwasa bakin ƙasa don kada ruwan sama ya shiga. Wannan tiyon shi ne hancin. Ya toshe duk wata kafa da roba. Tun da hanya ta yi wa iska nisa, sai ya rage mai ya daidaita su. Rana ta biyar ya naɗe wandonsa, ya cusa hula a aljihu, ya hau ya shiga ruwa har ya rufe inji, ya fita ta can, ya juyo. Da Sista ta buɗe jaka za ta biya shi, ya ce ta rufe.

"Jikokina ki ka yi ma allura. Tahi abinki, ɗiyata."

Makanikai da dama sun leƙa sun je sun kwaikwaya. Tiyo ai ba wuyar gani gare shi ba. Amma nasu in ya kai tsakiyar ruwa sai ya yi tari ya mutu. Akwai wani ɗan abu da Baba yake yi, bai kai tsawon yatsa ba, a wurin da ido ba ya zuwa. Iyakar abin da zan rubuta a kansa ke nan.

Yana da tsari. Ba ya sa hanci sai an ga hadarin farko, kuma da kaka, in ruwa ya janye, shi da kansa yake cirewa, saboda a tudu hancin yana rage wa babur gudu, rana kuma tana fasa tiyon. Ba ya sa wa wanda bai sani ba. Tambaya uku yake yi: ɗan wa kake, ina za ka ƙetara, wurin wa? Babur na farko a kowace shekara kuwa shi yake gwada shi a tafkin nan na bayan gonakin shinkafa da ba ya ƙafewa. Abin ya zama kamar ƙaramar kasuwa, har masu ƙosai da fura suna kai kayansu. In ya fito ta ɗaya gefen ruwa yana zuba daga rigarsa, aka ɗauki tafi, sai ya ɗaure fuska kamar ba da shi ake ba. Amma ni na san yana jin daɗi, don ranar yakan sayi tsire ya kai wa Inna.

Ni malamin firamare ne, a ƙetaren nake koyarwa, kuma Allah ya zuba mini tsoron ruwa. Ko a baho ba na son ya wuce idon sawu. Shekarar da ya fara sa wa nawa hanci, ya raka ni bakin mashigi. Suruki ba ya kallon suruki ido cikin ido, sai ya dubi wata bishiya can ya yi mata bayani.

"Malam, giya ta ɗaya. Kak ka saki totur, in ka saki salansa ta sha. Kak ka dubi ruwa, dubi tudu."

Duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Da na fita na waiwayo, na hango shi ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, amma kafin in dawo gida matata ta ji, har yau kuma ba ta bari ba.

Auta a rumfar nan ya girma. Shi kaɗai Baba ya koya wa komai, har da ɗan abin nan. Yana da hannu, yana da kunne, sai dai yana da zuciya a kusa, bakinsa kuma ba shi da ƙofa. Baba bai taɓa yaba masa ba, irin na iyayenmu. In Auta ya gama saita silo, wato kukan inji a tsaye, ya ɗago yana jiran magana, abin da zai ji shi ne, "Share wurin." Amma na sha ganin tsohon ya juya kai yana murmushi cikin goronsa.

Bazarar shekara uku da suka wuce, na kai babur ɗina rumfa don nawa ne zai zama na gwaji. Auta ya tafi cin abinci. Sai ga wani baƙo, farar shaddarsa tas, takalmi sabo, murya a sanyaye. Ya gaida Baba da ladabi, ya ajiye masa goro. Ya ce 'yan kasuwa ne suka aiko shi, suna da babura da yawa da suke so a sa wa hanci, za a zo a ɗauki Baba ya yi aikin a wurinsu.

"Ina za ku ƙetara?" in ji Baba.

"Ƙetare dai."

"Wurin wa?"

Baƙon ya yi murmushi. Maimakon amsa sai ya tambayi lafiyar gonar Baba, ya faɗi daidai inda take. Sannan ya ce, "An ce ɗan nan naka ma hannu nai na da kyau."

Baba ya daɗe yana goge sifana. Can ya ce masa ya zo ranar gwaji ya ga aikin da idonsa tukuna.

Kowa ya san abin da masu bindiga suke yi wa ƙauyukan wajen Rabah a kan babura. Kowa ya san mutanen ƙetare ba sa samun barci mai daɗi sai ruwa ya kewaye su. Amma ni da ake kira Malam ina tsugune a wurin ban gane komai ba. Har a raina na ce kakar Baba ta yanke saƙa.

Ranar da zai yi aikin, ya aiki Auta kasuwar Goronyo sayen tiyo alhali akwai wani a rataye, ya haɗa babur ɗin shi kaɗai. Ranar gwaji an cika fiye da kullum. Na ga baƙon a gindin wata ƙirya. Baba ya naɗe wando, ya shiga. Ya kai tsakiya, babur ya yi tari sau biyu, ya mutu. Tsoho ya tsaya cikin ruwa har ƙugu, riƙe da kan babur. Sai wani ya saki dariya, wasu suka taya shi.

Auta ya faɗa ruwan da kayansa, ya iske uban, ya kai hannu ƙarƙashin tanki zai duba. Baba ya make hannun, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ɗauke hannunka. Kai mi kas sani? Shekara ashirin kana ƙarƙashina, ko iskar taya ba ka iya aunawa ba. Ni ban iya ba, bale kai da ban taɓa nuna ma komi ba?"

Ban taɓa ganin fuskar namiji ta canza kamar ta Auta a lokacin ba. Ya fito daga ruwan bai dubi kowa ba. Bayan kwana biyu Baba ya sake gwadawa, babur ya sake mutuwa a wuri ɗaya. Ya fito ya ce wa jama'a su yi haƙuri, kunne ya tafi, ba ya jin inji yanzu. Baƙon yana nan a gindin ƙiryarsa, daga ranar kuma ban sake ganinsa ba. Kafin mako ya zagayo Auta ya kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato, ya buɗe rumfarsa. Sai da Sallah yake zuwa, ya gaida uwarsa, ya durƙusa wa uban daga bakin ƙofa, ya juya a ranar.

Ni ba makanike ba ne, ko an ɗora mini wuƙa ba zan iya ɗaura kafireta ba. Amma ni nake wanke babur ɗina duk Asabar, kuma damina shida yana da hanci. Da na kwanta zan wanke ƙasan tanki, na ga ɗan abin nan ba ya yadda yake zama kowace shekara. Ba karyewa ya yi ba, ba faɗuwa ya yi ba. An bar shi ne kamar yadda ya fito daga shago.

Na kwana biyu ina juya abin. Rana ta uku da la'asar na same shi a gona shi kaɗai yana gyaran kunya. Na cire takalmi na tsuguna, na gaishe shi, sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na dube shi.

"Baba, da gangan kay yi."

Bai daina aiki ba. "Malam, koma aji ka koya ma yara baƙi. Inji ba naka ba na."

"Na gani da idona, ƙarƙashin tanki."

Sai ya ajiye fartanya. Ya zauna a kan kunya.

"Ɗiyan da ka ka koya ma karatu can, ruwan ga shi ɗai ka tsare su wata huɗu. In nic ce ma mutumin ga na iya, na buɗe ma masu bindiga ƙohwa. In nic ce ba ni yi, gobe a ɗauke ni, kuma na san kaina, ba ni da ƙarhin duka. Sai dai in zama ban iya ba."

"To Auta hwa? Mi yay yi maka da za ka tozarta shi gaban gari?"

"Ka ji abin da baƙon yac ce bisa hannu nai. In ni na lalace, wa za su nema?"

"Sai ka gaya mai."

"In na gaya mai ba shi tahiya. Na san abin da nih haihwa. Shi ce shi ka tsarona, kuma kahin magariba duk kabu-kabun garin ga sun jiya. Gara shi yi hushi da ni shina da rai."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce masa ya zubar da sunan da ya yi shekara arba'in yana ginawa. Ya ce suna riga ce, ana tuɓe ta in za a shiga ruwa. Na ce abin da ya yi wa Auta zalunci ne. Na zaci zai kore ni daga gonar. Sai ya ce, "Awo, zalunci na." Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba yana raye, ko 'yarsa. Na yi, amma wata guda ban wuce gaisuwa da shi ba.

Shekara ukun nan faci ya koma yi da ba taya iska. Mutane suka riƙa yi masa magana da ƙarfi kamar kurma, shi kuma yana kara hannu a kunne yana cewa "Na'am?" Samarin da yake yi wa faɗa suka cire sosonsu, suna wucewa ta gabansa suna ba da wuta. In wani babur ya wuce yana shaƙewa, ina ganin jijiyar wuyansa tana motsi. Wani lokaci ba ya iya daurewa, sai ya yafito ni ya ce a hankali, "Gaya ma mai jan babur ɗin can shi wanke soso nai. Kak ka ce ni." Ta haka har na fara yin suna a gari cewa Malam ya san inji.

Sista ta koma jiran kwalekwale, ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Maganin ɗigawa a kunne ma take kawo masa, ya karkata kai ta ɗiga masa, ya yi mata godiya. Wannan ya fi komai ba ni tausayi. Ni ma kwalekwalen na koma, sau ɗaya har na faɗa ruwa da littattafan yara. Ba zan ce Baba ne ya tsare ƙetare ba, Allah ne mai tsarewa, da rani kuma mutanen sun ga tashin hankali. Amma damina uku babu babur ɗin da ya ƙetara ruwan nan da bindiga a kansa.

Da ciwo ya tsananta an aika wa Auta. Ya ce yana nan zuwa ranar Juma'a. Ran Lahadi da safe Baba ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin ya kira ni, ya ba ni saƙo. Juma'ar ba ta same shi ba.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a an raba waina, na ga Auta yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Na ce ya zo mu je rumfa, akwai magana. Ya ce in maganar kayan aiki ce a ba wanda ake so, shi ba ya buƙata. Na kama hannunsa na ja shi.

A cikin rumfar na faɗa masa komai, tun daga baƙon har gona. Yana tsaye ya harɗe hannu.

"Yaya, ƙarya ka kai don ka sanyaya min rai."

Sai na matsa na gaya masa a kunne abin da na gani a ƙarƙashin tanki. Ya saki hannuwansa. Shi ya san abin fiye da ni.

"Baba ba shi mance wanga," in ji shi a hankali. "Ko cikin barci ba shi mance shi."

"Ga saƙo nai. Yac ce in gaya maka hannunka ya hi nashi tun kana da shekara ashirin da biyar, kunya ta hana shi hwaɗi. Yac ce ka yahe mai. Yac ce kuma ka koma Sakkwato, kak ka aza ma kowa hanci sai ƙasa ta lahwa."

Auta ya zauna a ƙasa, cikin baƙin mai da tarkacen roba, da fararen kayansa.

"Ka san mi nic ce mai ranar da za ni tahi? Nic ce ni ba ni da uba makanike. Yac ce min Allah shi kiyaye hanya."

Nan ya yi kukan da bai yi ba kwana uku. Na bar shi ya yi, ni ma na yi nawa. Da ya natsa ya miƙe ya ce sai ya fita ya gaya wa duk wanda ke kan tabarmar nan wane ne ubansa. Ban hana shi ba. Na dai tambaye shi, in gari ya ji Baba bai taɓa rasa hannunsa ba, me za a ce game da maganar da ya yi a kan ɗansa? Ya fita ina biye da shi, don na san halin Auta.

Ba mu kai ƙofar gida ba wani dattijon 'yan kabu-kabu ya tare mu, da mutum biyar ko shida a bayansa. Ya sake yi wa Auta gaisuwa, sannan ya ce ga hadari ya fara haɗuwa, tsoho kuma ya tafi. Shekara uku suna wahala da ruwan nan. Ko Auta zai tsaya ya gwada sa musu hanci, tun da a rumfar ya tashi?

Duk suka zuba masa ido. Wannan mutum ne da ko yaro ya ce masa bai iya ba sai ya kwance inji a gabansa ya ɗaura. Ya dubi dattijon da jajayen idanunsa.

"Ni? Ba ka nan ranar tabki? Ka ji abin da Baba yac ce. Ban iya ba."

Dattijon ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta, suka watse. Ban taɓa alfahari da gidan da na yi aure ba kamar a wannan lokacin. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi ladan abin da mutane ba su gani ba. Auta ya ƙarasa ɗaure jakarsa, ya kama hanyar Sakkwato kafin la'asar.